Kayan Jariri: A Fara da Cibiya Kafin Kayan Suna

A Dinawa, kamar sauran garuruwan Wurno, Rabah da Goronyo, da zarar ciki ya tsufa sai a shiga tara atamfa, riguna da turare domin ranar suna. Babu laifi a nan. Amma a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ina ganin an bar jaki ana dukan taiki: abin da zai tsare ran jariri a makonsa na farko shi ake mantawa.

Ya kamata maigida da uwargida su rubuta jerin kayan tun ciki na wata bakwai. Na farko shi ne man cibiya na Chlorhexidine, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa a ƙauyuka a 2013. A shafa shi a cibiya sau ɗaya kullum, kada ya kusanci ido. A bar gashin cibiya da tsumma, a bar toka da man goge baki, domin ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini. Na biyu, gidan sauro mai magani, tunda muna bakin fadamar Rima. Sai sabulu, hula, zannuwa masu taushi, da kuɗin mota zuwa asibiti idan naƙuda ta zo da dare.

Kada a sa kafur cikin tufafinsa, yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Madarar gwangwani kuwa ba ta cikin jerin. Nonon uwa kaɗai ya wadatar har wata shida.

Idan dangi sun tambayi abin da za su kawo na barka, a nuna musu wannan jerin. Allah Ya sauke ku lafiya.