Hatimin da Tsohuwar Waya Ba Ta Gane ba

Jami'in da ke bakin iyakar Jibiya bai san kowane matafiyi ba. Hatimin da ke kan takarda yake dubawa, ya gwada da waɗanda aka ba shi. Haka waya take yi kafin ta buɗe shafin banki: akwai kundin hatiman hukumomin da ke ba shafukan intanet takardar shaida, kuma duk shafin da hatiminsa ba ya ciki, sai ta ƙi shi.

Abin takaici, masu ƙera wayoyi sun daɗe suna gina wannan kundi a cikin babbar manhajar wayar, ta yadda ba ya sabuntuwa sai an sabunta ta gaba ɗaya, su kuwa ba sa daɗewa suke daina aiko da sabuntawa. A 2024 Let's Encrypt, wadda miliyoyin shafuka ke dogara da shaidarta ta kyauta, ta daina jingina da tsohon hatimin da ke rufa wa tsofaffin wayoyi asiri. Duk Android da bai kai 7.1.1 ba bai san sabon ba. Ɗan kasuwar Gangara mai wayar gwanjo sai ya ga gargaɗi, ya ɗora laifin a kan sabis, alhali wayarsa lafiya lau take. Mafi muni, yakan saba da danna wuce, ranar da ɓarawo ya kafa shafin bogi ma ya wuce.

Maganin ba sabo ba ne. Debian ta ware kundin a ƙunshi mai zaman kansa, ca-certificates, wanda ake sabuntawa shi kaɗai. Fedora tun 2013 ta sa Firefox da sauran manhajoji su sha daga rijiya ɗaya. Google kuwa sai a Android 14 ta yarda a riƙa sabunta hatiman ta Google Play, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Masu adawa suna cewa rijiya ɗaya guba ɗaya ke ɓata ta. Akwai ƙamshin gaskiya: a 2019 gwamnatin Kazakistan ta matsa wa 'yan ƙasa su saka hatiminta don leƙen asirinsu, sai da Firefox da Chrome suka toshe shi. Amma a 2011, da aka yi wa DigiNotar ta Holan kutse aka buga shaidar Google ta ƙarya, sai da kowane kamfani ya bi nasa kundin yana gogewa, wayar da aka daina sabuntawa kuwa ta ci gaba da amincewa da hatimin.