Mai Kai Gudummawa Kada Ya Zama Kaya

Na ji labari ƙungiyarmu ta taimakon marayu ta fara rubuta sunayen waɗanda za su tafi Tamale, ta ƙasar Gana, in an ba da babban hutu, har an sami mutum tara, kowa yana ɗoki. Madalla da wannan niyya. Amma tun ba a fitar da ko kwabo daga asusu ba, ina roƙon Edita ya ba ni fili in faɗi abin da ya same ni a wannan hanya, gama ni na shugabanci tafiyar watan Disamba na 2022, kuma rahoton da na karanta muku a ɗakin taro bayan mun komo rabin labari ne. Na faɗi yawan littattafai da sabulu da gidajen sauro da muka kai, na nuna hotuna, kuka yi ta tafi. Ban faɗa muku cewa kwana huɗu daga cikin bakwai ɗin da muka yi can a gadon asibiti na yi su ba, balle in faɗi wanda ya biya kuɗin gadon. Ɗaliban nan biyu da muka tafi tare sun rufa mini asiri, na kuwa gode musu, amma ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san hanyar ba, daga Ikko iyaka uku ake ƙetarewa: a shiga Benin ta Seme, a wuce Kwatano, a shiga Togo, a ratsa Lome, sa'an nan a shiga Gana ta Aflawo. Daga Ankara, babban birnin Gana, akwai sauran wajen kilomita 600 kafin Tamale, ta Kumasi da Tachiman da Kintampo. Mu dai kwana biyu muka yi a mota, barci sai a zaune.

To, wane shiri muka yi? Mun nemi fasfo. Biza ba a bukatarta, domin tun yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka ƙulla a 1979 mutumin Nijeriya yana iya zama Gana har kwana 90 ba tare da ita ba. Mun yi allurar shawara, muka karɓi katin nan rawaya, domin an gaya mana ba a shiga sai da shi, kuma sai allurar ta kwana goma a jiki kafin katin ya yi aiki. Shi ke nan. Watau duk abin da ma'aikacin iyaka zai tambaya mun tanada, abin da ciki zai tambaya kuwa ko oho. Da nas ta kwaleji ta ce in zo ta haɗa mana ɗan akwatin magani, dariya na yi, na ce mata, “Sista, Ingila za ni? Ai Gana gida ce.” Wannan magana ita ce tushen dukan abin da ya biyo baya, kuma na san da yawa cikinmu haka suke tunani. Muna zaton ruwan baƙon wuri Bature kaɗai yake kayarwa. Alhali kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, har kasuwar Salaga da ke kudu da Tamale ɗin nan, ba su taɓa raina hanyar ba. Madugu ba ya ta da ayari sai ya san zangon da za a sauka da inda za a sami ruwa.

Tsakanin Kumasi da Tachiman motarmu ta tsaya da tsakar dare. Yunwa ta ci ni, na sayi wake da shinkafa da suka riga suka huce, da ɗanyen ganye a kai, na tsoma hannu cikin kwanon ruwan da fasinja wajen ashirin suka riga ni tsomawa, wai na wanke hannu ke nan. Ɗalibaina burodi da shayi mai zafi suka sha, har ina yi musu ba'a.

Gidan marayun ba babba ba ne. Yara arba'in da 'yan kai, waɗansu na jin Hausa, galibi kuwa harshen Dagomba. Akwai wata dattijuwa da ke riƙe da gidan, da mata uku masu dafuwa da wanki, da nas guda wadda ke zuwa kwana uku a mako, da wata tsohuwar a-kori-kura guda ɗaya. Ku riƙe zancen motar nan, gama da rani ita ke ɗebo wa gidan ruwa a jarkoki, ita ce kuma ke kai yaro asibiti in ta kama.

Daren da muka sauka cikina ya fara murɗawa. Kafin asuba na zaga sau biyar. Da gari ya waye, maimakon in faɗa, sai na aiki yaro ya sayo mini ƙwayar nan mai ɗaure ciki, na haɗiye biyu, na sa babbar riga, na fita wurin bikin da aka shirya mana. Yara suka yi layi, na bi su ɗai ɗai ina ba su hannu. Na miƙa wa uwar gidan ambulan ɗin kuɗinku a gaban jama'a, aka ɗauki hoto, shi ne wanda ke manne a allon sanarwa har yanzu. Da azahar aka kawo tuwon da suke kira tuwo zafi, ta ce a zuba mini nawa dabam, na ce a'a, ni da 'ya'yana zan ci. Na zauna da ƙanana shida muka sa hannu a kwano ɗaya. A lokacin gani nake tawali'u na yi.

Kashegari ina tsaye ina koya wa manyan yaran lissafi, sai zazzaɓi ya rufe ni, ga jini a bayan gida tun safe, idona ya yi duhu. Ban farka ba sai a bayan a-kori-kurar, kaina bisa cinyar ɗalibina. A asibiti likita ya ce atuni ne, aka gwada aka ga ƙwayar cutar da ake kira Shigela, wadda wani likitan Japan mai suna Kiyoshi Shiga ya gano a 1897. Ya tambaye ni abin da na sha, na faɗa, ya girgiza kai. Ashe ƙwayar ɗaure ciki ba a shanta in akwai jini ko zazzaɓi, domin tana tsare cutar a cikin hanji ne maimakon ta fita. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ciwona ba shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba, kowa yana ciwo. Abin da nake so ku duba shi ne wanda ya ɗauki nauyinsa. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa tun 2003, yaran gidan suna da katinsu, amma ni baƙo ba ni da shi, namu na gida kuwa ba ya aiki can, saboda haka kome sai da tsabar kuɗi. Guzurinmu iyakarsa kuɗin motar komowa. Sai uwar gidan ta buɗe ambulan ɗin da na miƙa mata jiya jiya, ta biya gado da gwaji da magani. Da na lissafa daga baya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuka tara, kuna hana kanku ƙosai da safe, a jijiyar hannuna ya ƙare. Motar ta yini tana kai da kawowa saboda ni, ran nan manyan 'yan mata da ka suka ɗebo ruwa. Nas ta bar yara arba'in ta zauna gefen ƙato guda. Ɗaya daga cikin masu dafuwa ta riƙa dama mini kunu tana kawowa safe da yamma. An je neman ƙiba an samo rama, sai dai ramar ba a jikina kaɗai ta tsaya ba.

Ina kwana na uku a asibiti aka kawo yara biyu daga gidan, suna gudawa. Ɗayarsu, yarinya 'yar shekara huɗu, tana cikin shidan nan da muka ci tuwo tare. Da uwar gidan ta zo gaishe ni na ce, “Hajiya, ni na jawo muku wannan.” Ta ce, “Haba Malam, kada ka faɗi haka. Ciwo na Allah ne, kai dai ka sami sauƙi.” Maganar mutunci ta yi, irin wadda mai gida ke yi wa baƙo. Amma ni malami ne, na kuwa karanta abin da ya kamata in karanta tun kafin in tashi. Ƙwayar atuni ta hannu take yawo, kuma guda goma zuwa ɗari, abin da ido ba ya gani, sun isa su kayar da mutum. Babba yakan sha wuya ya tashi. Ƙaramin yaro kuwa, musamman wanda abinci bai wadace shi ba, ruwan jikinsa yakan ƙare cikin yini guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2024 gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000 kowace shekara. Yaran nan biyu sun warke, alhamdu lillahi, da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki da maganin likita. Da abin ya zo da ƙarar kwana fa, wane rahoto zan karanta muku?

Na san za a ce lafiya da ciwo duk na Allah ne, kuma haka ne. Amma ƙaddara ba ta tsoma hannuna a kwanon tasha ba, ba ta kuma hana ni buɗe baki da safe in ce ba ni da lafiya ba. Kunya ce ta hana ni, da son a ce Malam jarumi ne, da ƙyashin a yi biki ba ni. Na lura wannan hali ya fi yawa ga mu manya. Ɗalibi in cikinsa ya ɓaci yakan faɗa, shugaban tafiya ne ke ɗaure fuska.

Waɗansu abokan aikina da na ba su labarin sun ce, to, a daina zuwa mana, a aika kuɗin ta banki kowa ya huta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, har ma ina tare da su rabin hanya. Kuɗin motar mutum tara zuwa Tamale da komowa, da cinsu da makwancinsu, in aka haɗa zai yi kusa da abin da za a kai, in ma bai fi ba. Wannan kuwa yawon buɗe ido ne aka sa wa rigar sadaka. Amma ban yarda a yanke zuwa ɗungum ba. Sai da muka je muka gane littattafan da muka sha wahalar ɗauka ba su dace da manhajar makarantun Gana ba, abin da gidan ke kuka da shi tankin ruwa ne da ya tsage. Shekara biyu muna musayar wasiƙa ba su faɗa ba, domin mai karɓar kyauta ba ya zaɓe. Ido kaɗai ke gano irin wannan. Sai dai ido huɗu sun isa, ba sai goma sha takwas ba.

Saboda haka ga abin da nake nema a wurin kwamiti. Mutum biyu su tafi, in an matsa uku. Kowannensu ya fara biyawa ta ɗakin shan magani na kwaleji, a duba shi, a ba shi sabulu, da ƙullin gishiri da sukari, da maganin zazzaɓin cizon sauro, a kuma koya masa haɗa ruwan da kansa in ƙullin ya ƙare: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali. Wannan ma kowane ɗalibin kwalejin nan ya kamata ya san shi kamar sunansa, gama gobe za a tura ku makarantun ƙauye inda ku ne malamai ku ne likitoci. A hanya kada a ci sai abin da aka sauke daga wuta a gaban ido, kada a sha sai ruwan da aka tafasa ko wanda ke rufe.

Abu biyu ne dai na fi nacewa a kansu. Na fari, a ware kuɗin ciwon matafiya dabam, daga aljihunsu ko daga kwaleji, a riƙe shi a hannun wanda ba shugaba ba, kada ya taɓa haɗuwa da na marayu. In an komo lafiya a mayar wa masu shi. Na biyu, masu zuwa su sauka a masauki cikin gari, su kwana biyu suna hutawa kafin su shiga cikin yara, domin atuni yakan ɗauki yini ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana. Wanda cikinsa ya motsa kuwa, ko shi ne shugaba, ba shi ba gidan sai ya kwana biyu cur da tsayawar gudawar, kuma ko bayan nan kada ya sa hannu a abincin yara, tun da ƙwayar takan ci gaba da fita daga jikin wanda ya warke har mako ɗaya ko biyu. A ba ɗalibi ikon ya tsayar da malaminsa a kan wannan, a rubuta a takarda, domin na ga yadda ɗalibaina suka ga ina haɗa gumi a wurin biki, suka dubi juna, ladabi ya hana su magana.

Kuɗin da aka kashe a kaina na gama mayar wa gidan a 2023, kaɗan kaɗan daga albashi, ban gaya wa kowa ba sai ma'aji. Kwamiti zai zauna ran Laraba ta sama, na kuwa riga na miƙa wa sakatare waɗannan sharuɗɗa a rubuce. Ni ne ɗaya daga cikin mutum biyun da ke sa hannu kafin kuɗi su fita daga asusun ƙungiya, in kuwa aka tsaya a kan mutum tara ba tare da kuɗin ciwo ba, sai a nemi wani ya sa hannun.