Shinkafa Ba Kifi Ba Ce: Mu Kai Wa Manoman Bugaje Abin Da Muka Karanta

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ke sayen garau-garau a bakin makaranta ya san yadda kwano ke ƙara ƙanƙancewa, kuɗi kuma na hawa. Da an taɓa zancen, sai a ce ai boda ce. To, a watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, har da ta Jibiya da ke fita Ɗan Issa zuwa Maraɗi, don a tare shinkafar waje. An fara buɗewa a ƙarshen 2020, tsada kuwa tana nan daram. A ganina wani babban sashe na matsalar yana cikin fangali: yadda muke ban ruwa da yadda muke zuba taki.

Mu ɗauki Bugaje da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya. Ƙasar yankin rairayi ta fi yawa, ba ta riƙe ruwa. Akwai madatsar Jibiya a kan kogin Gada, amma wanda ruwanta bai kai gonarsa ba sai ya dogara da inji. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, duk awar da inji ya yi yana ruri, aljihun manomi ne ke kuka. Duk da haka, da yawa sun ɗauka dole shinkafa ta zauna tsundum cikin ruwa daga dashe har girbi. Haba! Jure ruwa take yi, ba kifi ba ce.

Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa wata dabara mai sauƙi. A yanko bututun roba mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa, a kafa rabin nan a ƙasa, a kwashe ƙasar cikinsa. Ba za a kunna inji ba sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a cika fangali zuwa kamar santimita 5. Hakan kan rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba. Sharaɗi ɗaya ne: idan shinkafa ta yi ciki ta fara fure, kada a bar ta da ƙishi, in ba haka ba ƙaiƙayi za a girba.

Sai taki. Yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, amma idan aka watsa buhu guda lokaci ɗaya a kan ruwa mai gudu, fiye da rabi na iya salwanta: wani ya bi iska, wani ya tsiyaye cikin rairayi. Abin da ya dace, a sa kamfa lokacin dashe, a raba yuriya biyu: kashi ɗaya idan shuka ta fara fitar da 'ya'ya, ɗayan kuma dab da ta ɗauki ciki. A rage ruwa kafin a zuba, a toshe mafita. Takin gida kuwa shi ke taimaka wa rairayi ya riƙe danshi. Yuriya in ta yi yawa, ganye ya yi shar, kara ya kwanta, cuta ta samu ƙofa.

Wani zai ce manomin da rashin tsaro ya hana zuwa gona, ina ruwansa da bututu? Gaskiya ne, kuma wannan nauyi yana wuyan gwamnati. Amma wanda ke shiga gona cikin fargaba shi ya fi buƙatar kada litar fetur ko tiyar taki ta tafi a banza.

Malaman gona na KTARDA ba za su iya isa kowane fangali ba, mu kuwa kowane hutu muna komawa gida. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi fili a makaranta, a yi fangali biyu da irin FARO 44: ɗaya yadda aka saba, ɗaya da bututu da rabon taki. A auna fetur, a auna buhu. Baba ba zai saurari lacca ba, amma idan ya ga bambancin buhu da idonsa, da kansa zai tambayi inda ake sayar da bututu.