Mai Binciken Fitinar Yaro Ya Kula Kada Ya Koya Masa Sabuwa

'Yan'uwana ɗalibai da za a tura koyon aikin malanta daga nan Azare zuwa makarantun ƙasar Shira, irin su Yana da Disina, ga wata magana. An koya mana in yaro ya cika fitina a aji kada a fara da bulala, a fara binciko abin da yake samu da fitinar. Wannan daidai ne. Amma a ganina binciken kansa yana da nasa haɗari.

A 1982 wani masani a Amurka, Brian Iwata, da abokan aikinsa suka gwada yara tara masu ji wa kansu ciwo. Wani lokaci in yaro ya yi halin sai a kula shi da magana, wani lokaci a ɗauke masa aikin da aka ba shi, wani lokaci kuwa a bar shi shi kaɗai. Inda halin ya fi yawa, nan sanadinsa yake.

To, ga inda gizo ke saƙa. A 1999 Iwata da waɗansu suka ba da labarin wata mace mai yawan cusa hannu a baki. Da aka riƙa miƙa mata abin da take so duk sa'ad da ta yi haka, sai halin ya ƙaru. Da aka je gidan da take, ashe ba mai ba ta waɗannan abubuwa don ta cusa hannu. Watau a wurin gwajin ta koyi haka.

Mu kawo shi ajinmu. A ce yaro yana kiɗa a kan benci, ba don kome ba sai don jin daɗin amon. Sabon malami yana son ya gane dalili, sai ya fitar da shi waje duk lokacin da ya buga, alhali lokacin lissafi ne. Yaro ya sami inuwar darbejiya, ya huta. Kafin mako ya ƙare ya gane kiɗa ke raba shi da lissafi. Malam ya rubuta, "Gudun lissafi yake yi." Da fari ba haka ba ne, amma yanzu ya zama gaskiya. Hali ɗaya ya sami dalili biyu, kuma bayan ɗalibi ya koma kwaleji malamin ajin aka bar wa wahalar.

Wani zai ce ashe gara a bar binciken. A'a, wanda bai bincika ba bulala zai koma wa. Abin da nake roƙo shi ne a fara da zura ido kwanaki ba tare da an sake kome ba, a tambayi malamin ajin da iyaye, sa'an nan a gwada da abin da lalle yake faruwa a ajin, gwajin kuma kada ya daɗe. In kun ga halin ba shi da yawa ran farko, amma kullum sai hauhawa yake, ku tsaya ku sake duba abin da kuke ba yaron.