Kusurwar Lissafi: Harafin X da Ragon Layya

 

Uwaye da dama a nan Tagriss suna kuka da wani harafi da suke gani cikin kayen yaransu na kolej, wato x. Sai a ce lissafin Nasara ne, ba ruwanmu. To, ba haka ba ne. Sunan fannin aljabara, daga kalmar Larabci al-jabr, kuma malamin da ya tsara shi, Alkawarizmi, a Bagadaza ya yi aikinsa wajen shekara ta 820. Shi x ɗin nan ba kome ba ne illa adadin da ake nema. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata ke neman irin wannan adadi da ka, ba alli ba allo.

Mu ɗauki tambayar da ake ba ɗan makaranta. Mace ta ci bashi a asusu, ƙungiya ta tsayar da kashi 10 cikin 100 a wata. Da wata ya cika ta kawo 5,500, jika biyar da dala ɗari. Nawa ta karɓa? Mai gaggawa sai ta cire kashi 10 na 5,500, wato 550, ta ce 4,950. Ta yi kure, domin ribar a kan uwar kuɗi aka ɗora ta. Yaro zai rubuta x + x/10 = 5,500. Mu kuma mu ce: uwar kuɗi kashi goma ce, riba kashi ɗaya, duka sha ɗaya. A raba 5,500 gida 11, kowane gida 500. Gida goma 5,000 ke nan. Dala goma ce tsakanin amsoshin biyu, amma ranar rabo irin waɗannan dalolin ne ke tada jijiyar wuya.

Yanzu ga wadda ta fi taɓa tukunya. A ce kin karɓi 20,000 kin sayi ɗan rago don kiwo. Harawa da dusa da gishiri sun ci 6,000. Bayan wata 4, kusa da Babbar Salla, dillali ya taya 35,000. Zuciya sai ta ce an ci 15,000. Tsaya tukuna, Hajiya. Ribar asusu 2,000 ce kowane wata, wata 4 ta zama 8,000. Haɗa 20,000 da 6,000 da 8,000, kin samu 34,000. Abin da ya rage miki jika ɗaya tak, kuma ba a fitar da la'adar dillali ba, balle wahalar ɗebo ruwa.

Nan ne x ke da rana. Kafin ki kai hannu ga kuɗin, tambayi kanki: nawa zan sayar kafin in fita? In kina son ribar 6,000, to x = 34,000 + 6,000, sai rago ya kai 40,000. In kin san kasuwa ba za ta kai nan ba, a rage watanni, ko a sa kuɗin gida a cikin sayen don bashin ya ragu. Kowane wata da aka rage, 2,000 ta tsaya a lalitarki.

A kula da jinkiri kuma. Jika 10 in ana biyan 1,000 kowane wata, wata 3 duka 13,000 ne. In ƙa'idar ƙungiya ta ce ribar da ba a biya ba ta hau kan uwa, sai ta zama 11,000, sannan 12,100, sannan 13,310.

Ga aikin gida kafin zama mai zuwa. Mace ta biya 8,800 bayan wata ɗaya, nawa ta karɓa? Ku zauna da ɗiyanku mata, su da alƙalami, ku da tsakuwa, a ga wa zai riga wani. A kawo amsa wurin sakatariyar ƙungiya.

Allah ya sa albarka a zubi. Sai fitowa ta gaba.