Hannun Yaya: ba jifa ba ne, kuma ƙaho ba ya janye shi

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba, ba kuma zancen albashi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekara biyu ke nan da aka yi wa yayata aikin sankarar mama. Aiki ya yi kyau, muka yi hamdala. Bayan wata takwas sai hannunta na hagu ya fara nauyi. Zobe ya ƙi fita, hannun riga ya matse, har ɗaura ɗankwali ya gagara. Nan fa 'yan dubiya suka buɗe asibitinsu: wannan ta ce jifa ne, wancan ya ce mataccen jini ne. Aka kira wanzami ya yi ƙaho. Kwana uku hannu ya yi jajur, zazzaɓi ya rufe ta, sai gadon asibiti. Ni da digirina ina tsaye aka kafa ƙahon nan, ban ce uffan ba. Wallahi har yau abin yana damuna.

Sai a sashen gashin ƙashi aka yi mana bayani. Ashe ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe rarar ruwa daga tsoka su mayar cikin jini, kuma ta ƙulluttan hammata da matsematsi suke bi, inda kaluluwa ke fitowa. In an cire ƙulluttan nan wajen aiki, ruwa sai ya rasa hanya ya taru, kamar kwata in ta toshe. Haka abin yake a tundurmi, sai dai shi tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke lalata hanyoyin. Ƙwayar sa fitsari ba ta magance shi, tsaga kuwa ƙofa ce kawai ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Abin da aka yi mata huɗu ne. Tausa ta musamman, wadda wani ɗan ƙasar Denmak, Emil Vodder, ya fito da ita a shekarun 1930. Ba irin tausar unguwarzoma ba ce. Shafa ce a hankali, a fara daga wuya da ƙirji, sannan a koro ruwan zuwa inda hanya ke aiki. Sai naɗin bandeji hawa-hawa daga yatsu zuwa kafaɗa na 'yan makonni, daga baya a koma safar hannu mai matsewa da aka auna daidai ita. Sai motsa hannu, da tsabtar fata da shafa mai. A gaskiya matsin nan shi ne ƙashin bayan aikin. Tausa ba matsi, aikin baban giwa ne. Amma kar wani ya karanta wannan ya je ya ɗaɗɗaure hannun mahaifiyarsa. Mai ciwon zuciya, ko gudan jini a jijiya, ko hannun da ya riga ya harbu, matsi zai iya yi masa illa. Sai an duba.

Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana lafawa. Yanzu Yaya ta koma kan kekenta na ɗinki. Rannan take ce mini, "Ƙanina, da ranar sallama wani ya faɗa mini wannan, ai da ban sha wahalar nan ba."

To nan ne ra'ayina. Bai kamata a sallami mace bayan irin wannan aiki ba tare da an zaunar da ita da 'yan uwanta an faɗa musu alamomin da Hausa ba. Na biyu, safar nan tana saki, kusan duk wata 6 sai an sabunta, kuma ba araha. Ya kamata inshorar lafiya ta ɗauke ta a matsayin magani, ba kayan ado ba. Jihohin Filato da Nasarawa sun katse yaɗuwar cutar tundurmi ta hanyar rabon magani duk shekara, an sanar a 2017. Madalla. To waɗanda ƙafarsu ta riga ta kumbura fa, wa ke koya musu wanki da naɗi?

In kana da mai irin wannan kumburi a gida, don Allah a bar ƙaho da tsaga, a kai shi a duba. A tura wa wasu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.