Man Bilicin da Bizar Madina: Gargaɗi ga 'Yan Matan Zango da Iyayensu

 

Jama'a, akwai wata shawara da ta shigo zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango na Ankara har Aboabo ta Kumasi, tana bin 'yan mata gida gida, tana kuma shiga musu ta wayar hannu. Shawarar nan kashi biyu ce. Na fari, wai yarinya ta shafa mai ta yi fari, don fara ce ke da kasuwa. Na biyu, wai ta miƙa wa wani dillali fasfonta ya samo mata bizar aikatau a Madina, ta ci riyal, ta kuma yi maƙwabtaka da Manzon Allah. Masu wannan magana suna kiranta ci gaba. Mu kuwa mun ce fatauci ne, yarinyar kuma ita ce hajar.

Mu fara da man. Likitoci sun daɗe da bayyana abin da a ke zubawa a cikin irin waɗannan mayuka: akwai wani magani wai shi haidurokwinon, akwai zaiba, akwai kuma magungunan ƙaiƙayi masu ƙarfi waɗanda ba a shafa su sai da iznin likita. Aikinsu shi ne su kashe baƙin da Allah ya sa a fata don ya tsare ta daga zafin rana. Fata sai ta yi laushi kamar takarda, jijiyoyi su fito, rauni ya ƙi warkewa, daga baya fuska ta yi dabbare-dabbare, gaɓoɓin yatsu su tona asiri. Zaiba kuwa ba ta tsayawa a fata, takan wuce ta taɓa ƙoda, takan kuma cuci ɗan da ke ciki. Saboda haka ne Kwaddebuwa ta hana irin mayukan nan a 2015, hukumar abinci da magunguna ta Gana kuma ta hana shigo da masu haidurokwinon a 2016. To, abin da gwamnati ta hana don cuta, shi ne mu za mu saya wa 'ya'yanmu da kuɗin wake da shinkafa?

Kada wani ya ce Liman da jama'arsa sun hana kwalliya. Faufau! Matan Madina na zamanin Annabi suna ƙunshi da lalle, suna sa tozali, suna goge haƙora da asawaki, suna gyaran kai. Mu ma ga man kaɗe, ga sabulun salo, ga kitso, ga humra a ɗakin miji. Wannan ado ne, watau gyara abin da Allah ya ba ka. Amma ɗaye fata don a koma wani launi, raina halitta ne. Wane ne ladanin farko a Madina? Bilalu ne, mutumin Habasha, baƙi. Har yau kuma a birnin akwai gidajen da a ke kira Hausawi da Fallata da Barnawi, jikokin alhazanmu da suka tafi a ƙasa, da yawansu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Ba su sake fata ba kafin birnin Annabi ya karɓe su.

Sai maganar biza. 'Yar aikin gida a Saudiyya tana ƙarƙashin wanda a ke kira kafili, watau maigidan da ya ɗauko ta, zamanta a ƙasar kuwa a wuyansa ya ke. A 2021 hukumar ƙasar ta sassauta wa ma'aikata da yawa, ta ba su damar sake wurin aiki, amma wannan sassauci bai haɗa da 'yan aikin gida ba. Gaskiya ne dokarsu ta hana maigida ya riƙe fasfon ma'aikaci, to amma wa zai leƙa bayan ƙofa ya gani, alhali yarinyar ba ta jin Larabcin ƙasar, ba ta san hanyar ofishi ba? Kukan da 'ya'yan Gana suka yi ta aikowa gida daga ƙasashen Larabawa shi ya sa gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida can a 2017. Dillalai kuwa ba su rasa dabara ba: wata a tsallaka da ita wata ƙasa ta hau jirgi daga can, wata a ce ta shiga da bizar Umra ta maƙale. Wadda ta maƙale kuwa ta karya doka, abin da ke jiranta tara ce, da tsarewa, da kora. Tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ai wance ta tafi ta dawo ta gina ɗaki. Ba mu musa ba, akwai gidajen kirki a Madina, masu tsoron Allah, masu biyan haƙƙi. Amma dillali wadda ta gina ɗaki kaɗai ya ke nunawa, wadda ta dawo da ciwo da bashin kuɗin jirgi ba ya ambatonta. Ita ma mai ɗakin a tambaye ta, bayan shekara biyu ko huɗu tana wanke-wanke, wace sana'a ta dawo da ita a hannu? In riyal ya ƙare sai a sake neman dillali.

Za a kuma ce zaman Madina albarka ne. Ƙwarai kuwa, wa zai ƙi? Amma wadda aka kulle a ɗakin girki, Masallacin Annabi na kusa da ita, sai ta yi wata da watanni ba ta taka shi ba in maigida bai ga dama ba. Yin amfani da sunan birnin Annabi don a ruɗi 'yar talaka, wannan kam a ji tsoron Allah.

In Madina a ke so a yi koyi da ita, to, ga matanta. Uwar muminai Zainabu 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Rufaida ta kafa tanti a masallaci tana jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Shifa'u 'yar Abdullahi ta iya rubutu, ita ta koya wa uwar muminai Hafsatu, malaman tarihi kuma sun ruwaito Sayyidina Umaru ya ɗora mata wani abu na lura da kasuwa. Ba a tuna da ko ɗayansu don hasken fata ba, da aikin hannunta da iliminta a ke tuna ta. Su ma 'yan matan Madina na wannan zamani, tun da aka kafa Jami'ar Ɗayyiba a 2003 suna shiga suna koyon likitanci da jinya. Ashe su suna aji, tamu 'yar tana share musu ɗaki!

Yanzu bari mu juyo gida, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku samari, ku ne ke cewa sai fara, ku ne kuma za ku guje ta ran da fuska ta ƙone. Ku iyaye maza masu cewa 'ya mace ba ta boko, ba ta koyon sana'a, sai zaman jiran miji, ku sani ku ne ke tura ta hannun dillali, gama wadda ba ta da abin yi kowa ya kira ta sai ta amsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata; mu ne muka fi gidan Shehu kishin addini? Ku iyaye mata kuma, kada kwaɗayin abin da za a aiko ya rufe muku ido, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da mu ke roƙo kaɗan ne. A bar yarinya ta ƙare sakandare, ga shi tun 2017 gwamnatin Gana ta ɗauke kuɗin makarantar. Mai ƙwaƙwalwa a tura ta koyon jinya ko ungozoma a Korle Bu ko Kumasi ko Tamale, don matanmu na son mace ta duba su. Mai hannu a kai ta ɗinki, ko kitso da lalle, ko lissafin kanti, a sa ta adashe ta tara jari. Ku fatake masu shaguna, kowa ya ɗauki ɗaya ya koya mata ciniki, ku kuma kwashe man nan daga kan teburanku. Wadda kuwa ta nace sai ta fita waje aiki, ta fita da takardar shaidar sana'a, ta hanyar da hukuma ta sani, da yarjejeniya a rubuce wadda wani mai ilimi ya karanta wa iyayenta, da lambar ofishin jakadancin ƙasarta a hannu. Duk dillalin da ya ƙi a ga takarda, a kawo sunansa wurin Liman da Sarkin Zango.

Ku 'ya'yanmu mata, wanka da gari ba ya maganin yunwa. Nan kusa da Ankara akwai unguwar da iyayenmu suka sa wa suna Madina don ƙaunar waccan. Ki koyi sana'a a wannan, ki tara halalinki, Allah ya kai ki waccan kina baƙuwar Manzonsa, ki yi ziyara ki dawo da dabino da mutuncinki.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare su daga hannun mayaudara, amin. Haza wasalam.

Magatakardan Liman